Kakar da Mabel Ta Tsallaka Katanga

Masu iya magana suka ce kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗar wannan bai taɓa zama da Hedley Nattrass ba. Da ya yi mako guda a maƙwabtansa a ƙauyen Ellerhope, can arewacin Ingila dab da iyakar Scotland, da ya dawo ya gyara karin maganar.

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ɗan makiyayin tumaki ne, a ƙauyen aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya tsufa. Shekara da shekaru yana tuƙa motar 'yan makaranta cikin ruwa da dusar ƙanƙara, bai taɓa barin ɗan kowa a bakin hanya ba. In famfon wata tsohuwa ya toshe, shi ake kira. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, kuma ciwon yana da suna, yana da ƙafafu, yana zaune a gidan da ke jikin nasa. Sunansa Wilf Milburn.

Aji ɗaya suka yi. Wilf ne aka zaɓa ya riƙa yin waƙa shi kaɗai a coci, Hedley na baya yana motsa baki. Wilf ne ke cin ƙwallo, Hedley na tsaron gida yana jin sanyi. Da suka girma, Wilf ya shiga aikin gandun daji, ya sayi gidan da katangar dutse kaɗai ta raba da na Hedley, kamar duk faɗin ƙasar babu wani gida. Sai kuma maganar lik, wannan doguwar albasa mai farin gindi da mazan yankin ke nomawa don gasa kamar ransu a kanta yake. Duk kaka a kai lik zauren taron ƙauye, a wanke, a jera, alƙalai su auna. Duk kaka jan kati na ɗaya ya sauka a kan lik ɗin Wilf, na biyu a kan na Hedley. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Wilf ba ya ma alfahari. Zuwa yake ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bana ka matso, mutumina. Saura ƙiris."

"Saura ƙiris!" in ji Hedley in sun dawo gida. "Tun ina da gashi a kai yake ce min saura ƙiris."

Matarsa Enid takan amsa ba tare da ta ɗago daga tukunya ba. "To Allah ya ƙara maka na biyun. Na ɗaya ajiyewa ake a yi ta kallo, na biyu ne ke shiga miya."

Abu ɗaya Hedley ya fi Wilf, shi ne jan kurege.

Dajin da ke bayan gidajensu yana cikin 'yan wuraren da jajayen kurege suka rage. Su ne 'yan ƙasa, ƙanana, masu tuntu a kunne. Masu ruwan toka kuwa daga ƙetare aka kawo kakanninsu, sun fi girma, sun fi ci, kuma suna yawo da wata irin agana da ba ta yi musu komai, amma in ta kama ja sai kabari. Shi ya sa ƙauyen ke da ƙungiyar 'yan sa-kai: tsofaffi masu fansho, wata malamar makaranta, mai gidan giya, da Moira Hetherington, tsohuwar nas, wadda ke shugabancinsu kamar har yanzu tana zagayen marasa lafiya. Su rataya akwatunan abinci a bishiyoyi, su wanke, su sa ido. In an ga mai ruwan toka a ɗana masa tarko. Hedley na cikin waɗanda suka fara.

Akwatinsa yana jikin wata bishiya daidai tagar kicin. A nan wata macen kurege mai tsagaggen kunne ta saba zuwa duk safiya. Ya sa mata suna Mabel, sunan wata gwaggonsa mai jan gashi da saurin fushi. Kuma yana da dabararsa. Abincin da kurege ya fi so shi ne ƙwallon hazel, mai kama da gurjiya amma da ɓawo mai tauri. In ka ba kurege da ɓawonsa, ɗauka yake ya gudu ya binne don hunturu. In ka fasa masa, zama yake ya ci a wurin. Don haka duk yamma Hedley kan zauna da 'yar guduma yana fasa hazel ɗaya bayan ɗaya, don kawai Mabel ta zauna a gabansa ta riƙe da hannu biyu tana gaigaya, shi yana kurɓar shayi.

"Ni da na haifa maka 'ya'ya uku," in ji Enid, "ko gyaɗa ɗaya ba ka taɓa ɓare min ba."

"Ke ai kina da haƙora."

"Ita ba ta da su? Wannan da ke huda katako?"

Mutane har daga wasu ƙauyuka suke zuwa kicin ɗin Hedley kallon Mabel. Wilf ma yakan leƙo ta katanga ya ce, "Kai, ka more." Duk ranar da ya faɗi haka, Hedley yakan ci abinci da daɗi.

Sai Wilf ya yi ritaya ya shiga ƙungiya.

Da yake ma'aikacin daji ne, nan da nan Moira ta damƙa masa tarkuna, abin da Hedley ya daɗe yana so ba a ba shi ba, wai hannunsa na rawa. Wilf ya haɗa akwati da kansa, ya rataya a bishiyarsa, ya cika shi da hazel da ɓawonsa, ya maƙala wata 'yar kyamara da ɗansa ya aiko masa. Hedley ya leƙa ya yi dariya. Wane kurege ne zai bar fasasshe ya je wa mai ɓawo?

Ƙarshen damina wata safiya Mabel ba ta zo ba. Shayi ya huce a hannunsa. Washegari ma haka. Rana ta uku ya ji muryar Wilf ta bayan katanga.

"Hedley! Zo ka ga baƙuwata. Kullum sai ta zo sau ba adadi."

Ya miƙo masa waya. Ga ta nan a hoto, tsagaggen kunne da komai, ta ɗaga murfin akwatin Wilf da kai.

"Na sa mata suna Rosie," in ji Wilf.

"Ka sa mata me?"

"Rosie."

"Mabel ce! Tana da suna tun kana can kana sare bishiyoyinsu!"

"Haba, yi haƙuri, ban gane ta ba. Mabel ɗin ce ashe? To ai gida bai ƙoshi ba..." Wilf ya yi dariya, don shi a ganinsa wasa ne.

Hedley ya koma ciki ya cika ya batse. A wannan kakar ma jan katin lik ya tafi inda ya saba, amma ko a jikinsa, domin ciwon da ya fi wannan yana cinsa. An buga hoton Mabel a 'yar jaridar coci, a ƙasa an rubuta Rosie, ta gidan Wilf Milburn. Masu zuwa kallo suka koma ƙofar da ke gaba. Yana jin motocinsu na tsayawa, yana jin Wilf na cewa a shigo a sha shayi. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne, saninsa bai rage masa komai ba. Ya daina sauka ƙasan lambu inda kwarin lik ɗinsa yake, don kada ya haɗa ido da katangar. Ya ci gaba da fasa hazel, tsuntsaye na cinyewa.

Wata rana Enid ta shigo da kwandon wanki ta ce, "Na ga budurwarka a ƙasan lambu, wajen kwarin lik."

"Wucewa take za ta gidan mijinta."

"Kullum fa ina ganinta."

"Enid, ki ƙyale ni."

"Na ƙyale ka. Tsoho da kai kana yaji saboda ɓera mai jela."

Ganye ya gama zuba sai aka ga mai ruwan toka a bakin rafi, ƙato, yana nufo dajin. Moira ta tara su a zaure, ta tsaya ba ta ko cire riga ba.

"Kun san doka," ta ce. "Kowa ya sauke akwatinsa yau, ba gobe ba. A wanke da magani, a kulle a ɗaki. Akwati shi ne kwano ɗaya da mai ciwo da mai lafiya ke sa baki. Babu wanda zai sake rataya komai sai Wilf ya kama wannan, kuma sai na ce. Yunwa ba za ta kashe su ba, daji cike yake da abinci. Hedley, ka ji ni?"

"Me ya sa sai ni?"

"Don kai ne ke ɓata su."

Aka yi dariya. Ya sauke akwatinsa a gaban kowa, ya wanke, ya kai bukkar katakon da yake ajiye kayan lambu. Ya ji Wilf ma na sauke nasa. A nan ne shaiɗan ya zauna kusa da shi a kan buhun taki. Duk yankin nan yau babu akwati ko ɗaya. Wanda ya rataya nasa, shi kaɗai ke da kasuwa.

Ya faɗa wa kansa duk abin da mutum ke faɗa wa kansa. Mai ruwan tokan yana can bakin rafi, da nisa. Zai riƙa wankewa kullum. Na 'yan kwanaki ne, Mabel ta dai tuna hanya. Ya rataya akwatin a bayan bukkar, inda ba a hangowa daga gida ko daga katanga, sai ta wata 'yar taga daga ciki. Ya zuba fasasshen hazel har baki.

Ta kuwa zo. Da safe yana zaune cikin bukkar da kofinsa, sai ga jan abu ya sauko ta rufi, ya ɗaga murfi, ya zauna. Mabel ta riƙe da hannu biyu tana gaigaya, jela a kan baya, ga hucin bakinta cikin sanyi. Hedley ya ji daɗin da rabonsa da shi tun ranar aurensa. Abin da ya rage masa kawai shi ne ba shi da halin kiran Wilf ya gani.

"Me kake yi a bukka duk safiya?" Enid ta tambaya.

"Wasa almakashi."

"Almakashin nan ya kusa zama allura."

Bayan kamar mako guda ya shiga bukkar ya leƙa, sai ya ga baya mai faɗi, ruwan toka, kai tsundum cikin akwati. Ya buga tagar, abin ya tsallake rufi ya ɓace. Ya sauke akwatin, ya wanke shi har hannunsa ya yi ja, ya cusa shi ƙarƙashin buhuna. Amma bai san ko yau ne farkon zuwan baƙon ba, ko ya daɗe yana riga shi sammako. Ya kamata ya kira Moira a take. Ya ɗauki waya ya ajiye, don in ya ce ya ga mai ruwan toka a bayan bukkarsa, tambaya ta gaba ita ce me ya kawo shi nan.

Ya yi shiru, yana fatan Allah ya rufa asiri.

Ranar da Mabel ta dawo, ba ta rufi ta sauko ba. A ƙasa ya same ta, gindin bukkar, inda akwatin yake a da. Idanunta sun kumbura sun rufe, bakinta duk ƙuraje, tana lalube da hannu kamar makauniya. Ya matso, ba ta gudu ba. Kuregen da bai gudu daga mutum ba, tasa ta ƙare.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen ke da keji da izinin yin abin da ya rage, wato hutar da ita daga wahala. Hedley ya je jikin katangar da ya yi wata da watanni bai taɓa ba.

"Wilf. Wilf! Zo da kejinka."

Wilf ya tsallako, ya durƙusa, ya dube ta. Ya sa safar hannu ya ɗauke ta a hankali. Da ya miƙe sai idonsa ya sauka a kan ƙusar da ke jikin bukkar, da ɓawon hazel da tsuntsaye suka watsa, da gefen akwati da ya leƙo daga ƙarƙashin buhu. Ya dubi Hedley. Hedley ya jira. Da Wilf ya zage shi, da ya ji sauƙi.

"Ba ni akwatin," in ji Wilf. "Ƙona shi zan yi. Ka shiga gida, kada ka tsaya."

"Wilf, ni ne na..."

"Na ce ka shiga gida, mutumina. Enid ta dafa maka shayi."

A bayan bukkar Wilf ya ɗana tarko, a nan ya kama mai ruwan tokan. Amma an makara. Kafin Kirsimeti an tsinci gawar jajaye da dama, dajin ya yi tsit. Moira ta tsaya a zaure tana tambaya ko akwai wanda ya san inda ciwon ya shiga. Wilf ya ce, "Wa ya sani? Daji ne, ko'ina suna iya haɗuwa." Ya ci gaba da juya cokali a kofinsa.

Kada ka ɗauka Hedley ya gode masa. Ya so ya gode, ya kasa. Yanzu har mutuncinsa a aljihun Wilf yake, kuma mutumin ko nuna alama ba ya yi. Ya fi shi murya, ya fi shi ƙwallo, ya fi shi lik, ga shi ya fi shi hali. Wannan ne jan katin da ya fi kowanne zafi. Enid kuwa ta ɗauke 'yar gudumar daga kan tebur ta jefa a aljihun kabad, shi ke nan. Garin neman gira ya rasa ido, kuma babu wanda zai iya faɗa wa.

Da bazara ta shigo, ƙasa ta saki, Enid ta kore shi waje. "Je ka gyara kwarin lik ɗinka. Na gaji da ganin ƙeyarka a taga."

Ya ɗauki shebur ya sauka ƙasan lambu, karo na farko tun kaka. Kwarin ya cika da wani tsiro da bai shuka ba, ƙanana masu ganye mai zara-zara, nan ɗaya, can biyu, har gindin katanga. Ya yi tsaki ya tumɓuke ɗaya. A jikin saiwar ga ɓawo a maƙale, ya tsage biyu. Hazel ne.

Ya tsaya yana juya shi a tafin hannu. Babu bishiyar hazel a lambunsa. Shi kuwa tunda yake bai taɓa ba kurege hazel da ɓawo ba, fasasshe kuma ba ya tsira.

"Sun fito ke nan," in ji wata murya. Wilf ne, ya jingina da katanga, hula a ƙeya. "Na ce bari in ga yaushe za ka lura."

"Daga ina suka zo?"

"Daga akwatina mana. Kai, ka san takaicin da yarinyar nan ta ba ni? Ta zo, ta ɗaga murfi, ta ɗauka, ta tsallaka katangar nan, ta binne a kwarinka. Ta dawo, ta ɗauka, ta tsallaka. Tun safe har yamma. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zama ta ci a gabana ba. Hoton nan da aka buga, shi kaɗai ne wanda ba gudu take ba." Ya girgiza kai. "Ni ke saye, gidanka ake kaiwa. Wallahi har haushinka na riƙa ji. Na ce wannan mutum me yake da shi?"

Hedley ya dubi ɓawon da ke tafin hannunsa.

"Kurege ba ya ajiyar hunturu sai a inda ya ɗauka gida," Wilf ya ƙara, a hankali. "Kasuwa kawai take zuwa wurina."

Rayuwarsa duka Hedley yana jiran ranar da Wilf Milburn zai buɗe baki ya ce yana jin haushinsa. Ga ranar ta zo, ga shi a tsaye cikin taɓo da tsiro a hannu, kuma babu daɗi ko na ƙwayar zarra. Duk safiyar da ya zauna a taga yana cin zuciyarsa, tana nan bayansa, tsakaninsu bai fi jifa ba, tana tara masa dukiyar Wilf. Enid ta faɗa masa. Da ya sauko lambu sau ɗaya, da ya gani.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya tona rami da yatsa, ya mayar da tsiron da ya tumɓuke, ya danna ƙasa a gindinsa.

"To lik fa?" in ji Wilf. "A ina za ka shuka na bana?"

"Babu lik."

"Haba dai. Wa zai zo na biyu?"

"Ka nemi wani."

Wilf ya leƙo tsiron ta kan katanga. "Ka ba ni ko guda biyu in dasa a wajena. Ai 'ya'yan gidana ne."

"Ko ɗaya," in ji Hedley, bai ɗago ba, don kada a ga fuskarsa. "Nan ta ajiye su."